YARINYA MAI LAMBA SHA HUƊU

Shafi na 31

"Ki sake kunnawa sau ɗari in kin ga dama, Keziya. Na ce miki ban san muryar nan ba."

"Mama!"

"Kada ki yi mini Mama. A gidana kike."

Keziya ta sake danna wayarta. Muryar ta fito a hankali, tana tuntuɓe kamar mai tsallaka kwata da kaya a kai:

"Ka... za... ta... shi... ga... lam... bu."

Sai tari, ƙaho-ƙaho, sau biyu. Sai kukan kaza, ƙwaƙ-ƙwaƙ-ƙwaraƙ!

Jama'a, wannan tarin ko a tsakiyar kasuwar Sabon Gari na ji shi, zan waiga in ce Rhoda. Shekara arba'in da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da ita a nan Unguwar Gabas. Ni aron rariya na shigo. Ina da rariya biyu a gida, amma da na ga motar Keziya a karkace a ƙofar gida da safiyar Asabar, ƙofar direba a buɗe, sai na ji nawa ba sa tace gari da kyau.

"Gwaggo Janet, ki zauna," in ji Keziya, ba ta ko kalle ni ba. "Ke ma ki ji. Muryar wa ce?"

Na ce, "Kunnen nan nawa tun bara yake ba ni matsala, 'yata."

Na zauna dai.

Don waɗanda suka shigo yau: Keziya 'yar Rhoda ce, ita kaɗai Allah ya bar mata. Dakta ce a jami'a can Samaru, shekara sha tara tana koyarwa, kuma aikinta shi ne neman yadda yara za su koyi karatu ta hanyar wasa a na'ura. Ita ta ƙirƙiro wani wasa, Kazar Harafi. Yaro zai riƙa nuna wa kaza tsabar da za ta tsinta, kowace tsaba da harafinta, in kalma ta haɗu daidai kazar ta yi kuka ta saka ƙwai. Tabilet talatin ta kawo wa 'yan aji biyu na firamaren cocinmu da ke bayan gidan Rhoda. Mu allo muke ce musu. Makarantar ba wuta, gidan Rhoda kuwa akwai sola, don haka kullum in an tashi sai malamar ajin, Malama Clementina, ta zuba allunan a jakar gana-masgo ta kawo caji.

To, a dokar aikinsu ba a rubuta sunan yaro. Lamba ake ba shi. Keziya tana zaune a ofishinta a Samaru tana ganin abin da kowace lamba ta yi, amma ba ta san fuskar kowa ba. Cikin talatin ɗin nan akwai wata Lamba Sha Huɗu da ta ba duniya mamaki. A kanta Keziya ta yi babban rubutun da ta saka a takardunta na neman zama farfesa.

Yanzu ga Keziyar tana safa da marwa tsakanin kujera da taga, takalmi ɗaya da igiya a kwance. Mijinta Bernard yana tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota, kacau-kacau, kamar mai tallar ƙanƙara.

"Jiya aka ba ni takarda, Mama. Litinin ƙarfe goma zan zauna gaban kwamiti."

"Kwamitin me kuma?"

"Kwamitin da ke tuhumar malamin da ya yi ƙarya a bincikensa. Sun ce babu wata yarinya. Sun ce babban mutum na ba allon ya yi wasan, don a ce wasana yana aiki."

"Wa ya ce?"

"Felix ne ya gano."

Bernard ya yi tsaki. "Maciji! Yaron da ke kika duba masa digirinsa na uku. Tuwo nawa ya ci a gidanmu?"

"Aikinsa ya yi, Bernard. Ni na koya masa ya riƙa duba lokaci, ni kuma ban duba ba." Ta juyo kan uwarta. "Ana tashi makaranta ƙarfe ɗaya da rabi. Lamba Sha Huɗu tana fara wasa ƙarfe biyu, ta kai har magariba. Ranar Asabar tana yi. Hutun Kirsimeti tana yi. Ranar Lahadi ce kawai ba ta taɓawa sai an tashi sujada a coci. Wace 'yar shekara bakwai ce wannan, Mama?"

"Mai tarbiyya," in ji Rhoda.

Na tura bakin zane a baki.

"Na kira Malama Clementina da asuba. Ta ce yarinyar da aka ba lambar, Ƙauna, ubanta soja ne a barikin Basawa, an yi masa canjin wurin aiki tun mako na biyu. Sun bar gari. Ta ji tsoron faɗa mini kada in karɓe allon. Wata tara ke nan allon nan bai koma aji ba!"

"Wakena na kan wuta," in ji Rhoda, ta miƙe.

"Babu komai a wuta, na leƙa."

"To zan ɗora."

Keziya ta riga ta kai gun gana-masgon da ke jingine a ƙarƙashin tebur. Ta zazzage allunan a kan tabarma tana juya bayansu. Sha biyu. Sha uku. Sha biyar.

"Ina sha huɗu?"



Keziya ta ɗaga labule ta faɗa uwar ɗaka. Muka ji ana jan akwati, aka ɗaga katifa, wani kwano ya faɗi ya yi ta juyi. Rhoda tana tsaye tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Keziya ta fito riƙe da shi.

Wayyo ni Janet. Allon yana cikin riga. Rhoda ta ɗinka masa riga da ragowar zanen zumuntar matan coci, har da maɓalli. Keziya ta kai shi hanci.

"Man zafi yake wari."

"Yara ma suna ciwon gwiwa."

"Ga daddawa a jikin gilashin, Mama!"

Rhoda ta koma ta zauna a hankali. Ta dubi allon, ta dubi 'yarta.

"To ni ce. Sai me? Ki rataye ni."

Makullin Bernard ya daina ƙara.

Keziya ta dafe kai da hannu biyu. "Yesu. Yesu. Taimakona kika so yi? Kin ga ina neman farfesa, kika ce bari ki ƙara mini maki? Mama, kin san abin da kika yi? Uwar mai bincike, wadda ta yi shekara sha ɗaya tana Uwar zumunta, wadda ke karanta Littafi Mai Tsarki a gaban mata ɗari uku, ita ce ta zauna tana cin wasan 'yan aji biyu! Wa zai yarda ban sa ki ba? Ko ni ce a kwamitin ba zan yarda ba!"

"Ku saurara," in ji Bernard, ya matso yana rage murya. "Ba wanda ya san muryar sai mu. A ce Malama Clementina ce. Ai da laifinta, ita ta ɓoye tafiyar yarinyar. A ce ita ta riƙa yi don kada a ga gurbi."

"Ta rasa aikinta ke nan."

"Ke kuma fa?"

"Mijinta a kwance yake, Bernard, da wane bakin zan faɗa?"

"To a ce na'ura ce ta rikice."

"Na'ura ce ke tari?"

"Injiniya," in ji Rhoda, don ba ta kiran sunan surukinta, "a gidan nan ba a taɓa ɗora wa bare laifi ba. Ka mai da makullinka aljihu, yana hawa mini kai."

Wayar Keziya ta yi ƙara. Ta duba, ta kashe. Ta sake ƙara, ta kife ta a kan tebur. Ta zagaya ɗakin sau ɗaya, sai ta tsaya cak kamar an taka mata zane.

"Tsaya. Akwai abin da ban gane ba."

Ta kunna allon, ta shiga wani wuri da mu ba mu san da shi ba. Layuka suka cika gilashin.

"In don ki ƙara mini maki ne, me ya sa kika yi mako uku a matakin farko? Matakin da yara ke wucewa a kwana biyu. Ga shi nan. Sau ɗari biyu da sha biyu kina nuna wa kaza tsabar da ba ita ba. Rana ɗaya kin yi awa huɗu, ƙwai ɗaya ba ki samu ba. Washegari kika dawo. Mama, wasa kike yi da hankalina?"

Rhoda ta zuba wa tabarma ido.

"Na yi kuka a kan yarinyar nan! A ofis, ni kaɗai, ina kallon lambobi ina cewa wannan wace irin zuciya ce da ita. Na tsaya gaban mutum ɗari huɗu a taron ƙasa na ba da labarinta, har wani tsohon farfesa ya cire tabarau yana share ido. A ɗakin nan, a kujerar nan, na ce miki Mama ki sa Lamba Sha Huɗu a addu'a, tana shan wuya!"

"Na sa ta kuwa," in ji Rhoda. "Kullum."

"To me ya sa kika riƙa faɗuwa da gangan?"

Rhoda ta ɗago ta dube ni.

"Janet. Faɗa mata."

Ni da ko akuya ta haihu a unguwar nan sai an ji daga bakina kafin mai akuyar ya sani. Ni da Fasto ya taɓa yin wa'azi guda a kan harshe yana kallon layin da nake zaune. Ranar nan na buɗe baki, na sake rufe shi. Magana ɗaya ce tak na riƙe a duniya, shekara arba'in da biyu, har ta yi tsatsa a ciki, ta ƙi fita.

"Ba ki da amfani," in ji Rhoda. Ta juya ga 'yarta. "Ba da gangan ba ne."

"Ban gane ba."

"Dakta guda, ba ki gane ba? Ban iya ba, Keziya. Ban iya karatu ba. Ban taɓa iyawa ba."

Keziya ta yi 'yar dariya, irin ta wanda aka taka a kasuwa. "Haba Mama. Ke da kike..."

"Nake me? Nake tsayawa da Littafi a buɗe? A ka yake. Babanki Malam Othniel, Allah ya hutar da shi, shi ke karanta mini, sau uku, sau huɗu, har ya zauna. Ya sa mini zare a shafin. Jan zare na bikin aure, baƙi na jana'iza, fari na godiya. In na hau sai in buɗe wurin zaren, in riƙa bin layi da yatsa, ina faɗin abin da ke kaina. Ranar da aka zo da wurin da ban haddace ba, sai in ce na bar tabarau a gida."

"Tabarau huɗu na saya miki!"

"Suna nan cikin akwati. Idona lafiyarsa ƙalau, ina zura zare a allura."

Bernard ya zauna a hannun kujera, bai san ya zauna ba.

"Wasiƙuna fa?" in ji Keziya. "Shekara huɗu ina waje ina karatu, Baba ya riga ya rasu. Kowane wata nake rubuto miki, da Hausa, don ki ji daɗi. Kina ba ni amsa."

Rhoda ta nuna ni da haɓa.

Na ce, "Aji huɗu na yi, 'yata, amma ya yi mana aiki. Ke ma rubutunki kamar tafiyar kiyashi, sai na fita rana."

"Shi ya sa kowace wasiƙa ke zuwa da labarin wanda ya yi ciki da wanda ya gudu da matar wani?"

"Takarda ce take raguwa," na ce. "Ba kyau a aika ta fari."

Ba wanda ya yi dariya. Keziya ta durƙusa a gaban uwarta, ta riƙe gwiwoyinta.

"Amma ke kika koya mini. Ina tunawa. Kullum in na dawo makaranta, ki zaunar da ni a kan turmi, ki ba ni Littafi, ki riƙe tsumagiya. In na yi kuskure ki tsula mini. Ta ina kike sanin na yi kuskure?"

"Wuraren da na haddace nake ba ki. In bakinki ya saɓa da abin da ke kaina, na san kin kauce." Rhoda ta ja hanci. "Daga baya da kika ƙware, sai na riƙa ba ki inda ban sani ba. Ina riƙe da tsumagiyar dai, amma saurare nake. Ke kike karanta mini, 'yar shekara takwas, kina tsoron duka."

"Me ya hana ki faɗa mini? Ni fa aikina ke nan! Aikina ke nan a duniya!"

"Shi ya hana. Kina zuwa nan kina ba ni labarin mata a ƙauye, masu dangwala yatsa, kina cewa abin tausayi. In ce miki me? Ga wata a gabanki tana zuba miki miya?"

Keziya ta kifa kai a cinyarta.

"Da aka fara kawo allunan nan," in ji Rhoda, "wata rana ina share ƙura, hannuna ya taɓa ɗaya. Sai ga kaza tana kallona. Ta ce, da muryarki, Keziya, muryarki ce kika sa mata, ta ce, zo mu tsinci tsaba. Na nuna mata, ta girgiza kai. Ba ta yi dariya ba. Ba ta kira ni matar Malam ba. Ta ce, sake gwadawa. Sau ɗari biyu ɗin da kike ƙirgawa, sau ɗari biyu ta ce sake gwadawa. Wa ya taɓa yi mini haka? Sai na lura sha huɗu ba a zuwa da shi da datti, na san ba mai shi. Na ce Janet ta riƙa zama a ƙofa, in wani ya zo ta ce ina barci."

"Har Fasto na kora," na ce. "Sau biyu."

"Ban san yana kai miki rahoto Samaru ba. Na ɗauka tsakanina da kazar ne. Da kika zo kina kukan Lamba Sha Huɗu, sai na ji kunya ta hana ni, daɗi kuma ya hana ni. Ban san akwai kwamiti a ciki ba."

Ta ture 'yarta a hankali ta miƙe. Ta buɗe kabad ɗin kwanuka, ta ciro wani ƙaton baƙin littafi daga bayan tangaran, wanda Keziya ta rubuta ta zama Dakta. Duk Turanci ne, sai layi ɗaya a shafin farko. Rhoda ta buɗe, ta ɗora yatsa. Wannan karon yatsan ba yawo yake ba, tsayawa yake a kan kowane harafi.

"Do... min... Ma... ma... na... Rho... da. Wad... da... ta... ko... ya... mi... ni... ka... ra... tu."

Ta rufe.

"Shekara sha huɗu yana kabad. Ko Janet ban ba ta ba, na ce wannan ni zan karanta ko in mutu ban sani ba. Ranar Talata ta makon Ista na karanta. Na shiga bayi na yi kuka don kada maƙwabta su ji."

"Na ji," na ce.

Bernard ya zabura ya miƙe, har makullin ya faɗi.

"To ai shi ke nan! Keziya, ba ki gani ba? Wannan ce mafita! Ba wanda ya iya karatu aka ba allon ba. Ga faɗuwa ɗari biyu a rubuce, ga mai faɗuwar da ranta. Mama ta zo ranar Litinin ta faɗa musu da bakinta, Gwaggo ta yi shaida. Za su ce kin yi sakaci, ki gyara rubutun, amma ba za su ce kin yi ƙarya ba. Kai, har ma a ce wasanki ya koya wa 'yar shekara sittin da takwas karatu a wata tara!"

"Sittin da shida," in ji Rhoda. "Kuma ba inda za ni."

"Mama..."

"Injiniya, ka san wace ce matar Felix? Stephanie. Magatakardar zumuntar mata ta gunduma. Abin da aka faɗa a kwamiti ranar Litinin, Talata yana bakinta, Laraba yana coci goma sha biyu. Wata mai zuwa ne taron gunduma, ni aka sa in buɗe da karatu, za a ba ni zane na girmamawa. Matan da na tsawata wa, matan da na ce su riƙa buɗe Littafi a gida, su ji cewa shekara arba'in ina riƙe da shi kamar faifai? Su ce Malam Othniel, mai koyar da garin nan, ya kasa koya wa matarsa? Ya yi ƙoƙari, ni na ƙi, don kunyarsa nake ji. Ba za a tono shi a kabari a yi dariya ba. Gara a fitar da gawata."

"Aikin shekara sha tara fa, Mama! Ba farfesa kaɗai ba, korarta za su yi! Sunanta zai fita a takardar jami'a, ba inda za a sake ɗaukarta!"

"Ya isa, Bernard."

Keziya ce. Ta miƙe, ta share fuska da bayan hannu, ta ɗaure igiyar takalminta.

"Ba za ta je ba. Doka ta ce ba a bayyana sunan mai lamba. Ni na sa hannu a kan dokar. Lamba Sha Huɗu ɗalibata ce, ba zan tsayar da ita gaban kowa ba."

"To me za ki ce musu?"

"Abin da suke son ji."

"Kin haukace?"

Keziya ta wuce shi. Ta ɗauki wayar da ta kife, ta zauna a bakin tabarma ta ba mu baya, ta fara rubutu da manyan yatsu biyu. Bernard ya fita tsakar gida, ya dawo, ya sake fita. Ni ina ta juya rariyar da ba a ba ni ba tukuna, don na ɗauko ta da kaina a kan tebur.

Rhoda ta taka a hankali ta tsaya a bayan 'yarta. Ta sunkuya. Na ga leɓɓanta suna motsi.

"Fe... lix. Ka... fa... ɗa... mu... su... na... jan... ye... ta... kar... du... na."

Keziya ta daskare.

"Ba... bu... wa... ta... ya... rin... ya. Lai... fi... na... ne."

Kafin yatsan Keziya ya sauka a kan aikawa, Rhoda ta fizge wayar. Tsohuwar da ke cewa gwiwa, gwiwa! Ta cusa ta a cikin rigarta, can inda ba mai bi.

"Mama, ba ni wayata!"

"Laifinki ne? A gabana za ki rubuta ƙarya? Da can da ban iya ba, sai ku rubuta abin da kuka ga dama a kaina ina murmushi. Yanzu an daina."

Ta shiga ɗaka. Muka ji akwati ya sake buɗewa. Ta fito ɗaure da zanen zumunta, da ɗankwalinsa, wanda ba ta sawa sai ranar taro. Ta ɗauki allon, ta mai da shi cikin rigarsa, ta ɓalla maɓallin, ta saka a jaka. Ta ɗora Littafinta a kai, zaren ja da baƙi da fari suna leƙowa.

"Gidan Felix, a kwatas na jami'a yake?"

"Mama, yau Asabar. Stephanie tana gida."

"Ita nake nema. In za ta ji, daga bakina za ta ji, ina tsaye da ƙafata, ba a bakin famfo ba. In za ta yi dariya, ta yi ina kallonta."

Keziya ta tare ƙofa. "Ba sai kin yi ba. Na roƙe ki. Zan iya ɗauka."

"Na san za ki iya. Ni na haife ki. Matsa."

"To bari Bernard ya kai ki."

"Ba na shiga motar mai neman a ɗora wa Clementina. Keke napep zan hau zuwa Kwangila, in shiga bas."

"Ba ki ma san gidan ba!"

"Ba a rubuta suna a ƙofa?"

"Ana... ana rubutawa."

"To zan karanta."

Ta ture hannun Keziya, ta kai bakin ƙofa, sai ta waigo. Idonta jawur.

"Amma in na dawo, Dakta, ni da ke akwai zama. Kin san awa nawa Lamba Sha Huɗu ta yi, kin san sau nawa ta faɗi. Wata tara kina kuka a kanta a Samaru, ko sau ɗaya ba ki hau mota kin zo kin ce a nuna miki fuskarta ba."

Ta dube ni.

"Ke kuma Janet, ki ajiye mini rariyata."

Ta fita ta maka ƙofar, GARAM! Hoton Malam Othniel ya karkace a bango. Can a zaure jakar ta bugi gini, muka ji kazar ta farka, da muryar Keziya, tana cewa:

"Zo mu tsinci tsaba."